Kalmar da Aka Ƙi Fassara wa Abigel

Abigel ba ta ƙi yarinyar ba, kada wani ya ɗora mata wannan. Liezel nas ce, 'yar ƙasar Filifin, ga ladabi har ya so ya yi yawa. In ta zo gaisuwa sai ta kama hannun Abigel ta ɗora a goshinta, abin da ko 'ya'yan cocinsu da aka haifa a nan Greensboro, a Amurka, ba sa yi wa kowa. Ta koyi cin tuwo da hannu, ta daina tambayar me ake sa wa miyar kuka take yauƙi. Abin da Abigel ta ƙi shi ne a mai da ita 'yar kallo a auren ɗanta tilo.

An riga an tsayar da magana, biki sai baɗi, a nan cocinsu, zumuntar mata har sun zaɓi atamfar anko. Kwatsam wata Lahadi bayan sujada, ɗan nata Nathan yana mai da ita gida unguwar Glenwood, sai ya ce wai sun sake shawara. Wata mai zuwa za a yi, kuma can garin su Liezel, a Batangas ta ƙasar Filifin. Ta tambaye shi dalili. Ya amsa da Turanci, yadda ya saba in ba ya son doguwar magana, wai mahaifiyar Liezel tana can, kuma yanzu ne ya samu hutu a wurin aiki. Yana faɗa yana sosa bayan kunne. Ita ta haifi yaron nan, tun yana firamare a Pankshin in zai yi ƙarya kunnen nan yake sosawa.

To, da walakin, goro a miya. Wa yake matso da biki daga baɗi zuwa gobe, ya kuma kwashe shi ya kai bangon duniya inda ba fasto ba zumunta, in ba akwai abin da ake gudun idon mutane ya gani ba? Abigel ta san amsar, ta dai ƙi furta ta ko a cikin addu'a. Shekaru kaɗan da suka wuce, da 'yar Anti Rachael ta zo aure da ciki, ita Abigel ce ta miƙe a taron mata ta ce ba za a sa farar riga a cocin nan ba. An bi maganarta. Anti Rachael har yau gaisuwar baki ɗaya take yi mata. In abin nan ya faɗo gidanta, ai ta san wadda za ta fara zuwa yi mata barka.

Sai ta ce za ta koyi Tagalog, yaren su Liezel. Ta gaya wa kowa don tafiya ne, ba za ta je ƙasar mutane a sayar da ita tana tsaye tana dariya ba. Rabin maganar gaskiya ne.

Malamai kuwa ba ta rasa ba. A gidan tsofaffin da take aiki akwai Rowena, nas ce ita ma 'yar Filifin, mai surutu kamar rediyo. Lokacin hutun rana, Rowena na cin shinkafa da kifi, Abigel na tambaya. Yaya ake cewa na gode? Salamat po. Ina kwana? Magandang umaga po. Ina bayi yake? Rowena ta yi dariya har da buga tebur, ta ce wannan ita ce ta fi kowace amfani. Sai ƙidaya, isa, dalawa, tatlo, sai sunan rana da wata, sai huwag, wato kada, don ta iya hana masu talla bin ta. Rowena ta ce ba ta taɓa ganin mai kama magana haka ba.

Ba abin mamaki ba ne. Abigel ta tsufa a kwaya, cikin mawaƙan coci. Ta rera waƙa da Angas, da Birom, da Yarbanci, har da yaren Afirka ta Kudu da ba ta san ko kalma ɗaya a ciki ba. Ka faɗa mata abu sau ɗaya, ya zauna, da hawansa da saukarsa.

Malami na biyu shi ne mahaifin Liezel da kansa, Baba Ruben. Gajeren tsoho ne mai fara'a, yana zaune da 'yarsa a Pleasant Garden, a wani gida mai ƙaton fili da ya cika da kuɓewa da gauta da zogale a cikin bokitai. Bara aka yi masa aiki a zuciya. Matarsa Cora ta je gida gyaran rufin ɗaki da ganin 'yan'uwa, shi likita ya hana shi doguwar tafiya, sai kwanan nan aka sake shi. Ranar da ya ji Abigel ta san zogale, har tana yin kwaɗonsa da ƙuli-ƙuli, sai ya ce ashe dangi ne tun da can. Ya koya mata cewa iyayen ango da na amarya a wurinsu balae suke kiran juna, tun daga nan bai sake kiran sunanta ba.

Tana cikin wannan karatu idonta yana kan Liezel. Yarinyar ta rame. Ta zo gida an zuba mata tuwo, ta tsakura ta ajiye. Ta shiga bayi ta daɗe, ta fito ido ja. Abigel ta tambaye ta ko lafiya, ta ce aikin dare ne. Biri dai ya yi kama da mutum.

Wata Asabar da rana su biyun suka zo kawo mata takardun tafiya. Wayar Liezel ta yi ƙara, ta duba, ta fita baranda ta baya da sauri. Abigel ta tuna tana da kwanuka a wurin wanki, wanda tagarsa take kallon barandar. Ta buɗe famfo kaɗan don kada a ce. Liezel ta daɗe tana saurare, sannan ta maimaita abin da aka gaya mata, a hankali, muryarta na rawa.

"May taning na siya. Tatlong buwan na lang daw. Huwag munang sabihin."

Nathan ya fita ya rungume ta. Da suka dawo ciki dukansu biyu suna murmushi, irin murmushin da ake yi wa mai ɗaukar hoto.

Abigel ta kashe famfo. Tatlo, uku. Buwan, wata. Huwag, kada. Sabihin ma ta sani, faɗi ne. Wata uku, kada a faɗa. Wayyo Yesu. Saura kalma guda da ba ta taɓa ji ba, taning, kuma ta ƙudura cewa ita ce sunan abin. Ba za ta tunkari ɗanta da zato ba, ya ce mata tsufa ne. Sai ta riƙe kalmar a hannu, ta faɗa musu da yarensu, ta ga wanda zai sosa kunne.

Ta fara gwada wayarta, ta faɗa mata kalmar sau da dama, wayar ta yi ta kawo mata shirme. Ta kuma tuna Nathan ne ya saita mata wayar, wa ya sani ko yana ganin abin da take tambaya. Ta bari.

Ran Litinin ta jira Rowena ta cika baki da shinkafa, sannan ta jefa tambayar kamar da wasa, wai mene ne taning. Cokalin Rowena ya tsaya a hanya. Ta tambaye ta a ina ta ji. Abigel ta ce a wani fim. Rowena ta dube ta, ta dubi ƙofar da take kaiwa ɗakunan tsofaffi, ta yi alamar gicciye a ƙirjinta.

"Mama, wannan ba kalmar matafiya ba ce. Ba za ki bukace ta ba, da yardar Allah."

Ta koma kan shinkafarta, ta ɗauko hirar wata mai haƙuri da ta ƙi shan magani. Rowena mai surutu, yau ita ce da canza magana. Kalmar da ake yi wa alamar gicciye ai ba ta arziki ba ce, ta abin kunya ce. Ko kuwa ita ma Rowenar ta sani? 'Yan Filifin na garin nan kamar 'yan Najeriya suke, coci ɗaya, biki ɗaya, tukunya ɗaya. Watakila duk sun sani, suna koya mata ina bayi yake suna yi mata dariya a bayan ido.

Da ta tashi aiki ba ta wuce gida ba. Ta sauka a babbar tashar bas ta cikin gari ta canza mota, ta je shagon da take sayen busasshen kifi, inda wata dattijuwa 'yar Filifin take zama a wurin karɓar kuɗi. Wannan ba ta san Liezel surukarta ba ce. Abigel ta gaishe ta da magandang hapon po, wato barka da yamma, matar ta washe baki, ta yaba. Sai ta tambaye ta kalmar. Fara'ar ta ɗauke. Matar ta tambaya ko wani nata ne. Abigel ta ce e, na gida ne. Matar ta dafa mata hannu, ta ce ta yi haƙuri, ta yi ta addu'a, Allah ba ya barci. Ta ƙara mata kifi biyu a leda ta ƙi karɓar komai a kansu. Fassara dai ba ta yi ba, wani mai saye ya zo ta juya gare shi.

Abigel ta fito ranta a ɓace. Wato har ta kai a ji tausayinta a shago! Cikin bas ta zauna tana tafasa, ledar kifi a cinya. Ita da ake aikawa. In rasuwa ta faru a gida, a Jos ko Kafanchan, ba mai ita ake bugawa ba, fasto ake bugawa, fasto kuma Abigel yake nema. Ta san yadda ake yi. Ba a zuwa mutum ɗaya, ba a faɗa a tsaye, sai an tabbata mai gidan ya ci abinci, a zauna kusa da shi, a fara da cewa jikin Baba ya yi tsanani. Sirrin gidaje nawa ta riƙe a garin nan har lokacin faɗinsa ya yi? Yau ita ce ake ɓoye wa abin gidanta kamar ƙaramar yarinya.

Mutum ɗaya ya rage wanda ba ya iya ɓoye komai. Baba Ruben ko kyautar Kirsimeti ya saya sai ya faɗa kafin ranar. In ya sani, fuskarsa za ta nuna. In bai sani ba, to ya kamata ya sani, shi ma uba ne, kunyar ta su biyu ce. Haka ta gaya wa kanta, ta kuma ji daɗin wannan hujjar.

Pleasant Garden ba bas, sai ta roƙi ƙawarta Nanret ta sauke ta ran Asabar da safe, ta ce zogale za ta tsinko, Liezel za ta mai da ita in ta taso daga aiki. Ta zaɓi ranar ne don ta san yarinyar ba ta gida.

Ta same shi a gareji yana fama da wani ƙaton kwali da za su tafi da shi. Ya cika shi da sabulu da cakulan da man goge baki da tawul, tsarabar dangi kaf. Ya yi murna da ganinta, ya ce balae ta zo a daidai, ta taya shi danne murfin. Kafin nan ya zaro wasu takalma ruwan zinariya masu ɗan tsini ya nuna mata. Na Cora ne. Ya ce matarsa in ta shiga fili sai an ja da baya, ranar bikin nan za su nuna wa yara yadda ake rawa. Ya yi ƙorafi cewa kwanan nan ko ganinta ba ya yi a waya, sai murya, wai sadarwar garin ta lalace. Ya ce bai karya ba ma tukuna, zumuɗin kwalin ya hana shi.

Suka fita lambu. Yana yanko mata zogale yana yi mata jarrabawa. Sunan zogale? Malunggay. Abinci ya yi daɗi? Masarap. In kina so ki tambayi mutum ko ya ci abinci? Wannan sabuwa ce, ya koya mata, kumain ka na ba, ya ce a wurinsu ita ce gaisuwar da ta fi kowace. Ta maimaita sau ɗaya ta zauna.

Sai ta ce akwai wata magana da ta ji, ta gane rabi, kalma ɗaya ta tsaya mata. Ya ce ta faɗa, ai don haka yake. Abigel ta gyara tsayuwa kamar a gaban kwaya, ta zuba masa ita duka. Ba ta san yadda ake rage komai ba. Ta faɗe ta da hawanta da saukarta, da inda muryar ta tsaya, da inda ta karye.

Almakashin hannunsa bai faɗi ba. Ya dai tsaya, reshen zogale a ɗaya hannun.

"Sake faɗa, balae."

Ta sake, tana kallon fuskarsa, tana neman kunya ko fushi. Ba ta ga ko ɗaya ba.

"Wannan muryar 'yata ce," in ji shi. "Da wa take magana?"

Abigel ta ce ba ta sani ba, waya ce daga gida. Ta ƙara da cewa ita ma uwa ce, tana da haƙƙin ta sani, in akwai abin da ya sa ake gaggawar bikin nan gara a faɗa, a san yadda za a rufa wa juna asiri. Wata ukun nan na mene ne?

Ya kifa wani bokiti ya zauna a kai, a hankali, kamar mai ciwon baya. Da ya buɗe baki, da muryar malami ya yi magana, irin wadda yake koya mata ƙidaya da ita. Ya ce taning kalma ce da ake faɗa in likitoci sun gama iyakar saninsu, sun ce ga abin da ya rage wa mutum a duniya. Ya ce abin da ta ji shi ne, an yanke mata lokaci, wata uku kawai aka ce, kada a faɗa tukuna. Ya ce Cora ake nufi.

"Ba ke ake ɓoye wa ba," ya ce. "Ni ne."

Sai a lokacin Abigel ta gane. Rufin ɗakin da bai ƙare gyaruwa ba, wayar da ba ta nuna fuska, bikin da aka kwasa aka kai ƙofar Cora, yarinyar da ta kasa cin tuwo, alamar gicciyen Rowena, kifi biyun nan. Duk a gabanta suke, ta ƙi gani, don tana neman abin da za ta kama. Yaran nan so suka yi su lallaɓa tsohon har gaban matarsa, ga dangi ga likita, sannan a gaya masa. Daidai yadda ita da kanta za ta tsara in da an tambaye ta. Sai ga ta ta zo ita kaɗai, a tsaye, ta faɗa wa mai ciwon zuciya da bai karya ba. Kunya ta rufe ta, da tsoro, ta ji ta tsani bakinta da kunnen da take taƙama da shi.

Ta fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Sai ta yi abin da ta iya. Ta shiga kicin ta ɗebo ruwa, ta tambaye shi inda maganinsa yake ta kawo, ta tsaya har ya haɗiye. Ta jawo wani bokitin ta zauna kusa da shi. Ya yi kuka, ba da ƙarfi ba, yana kiran sunan Cora yana wasu maganganu da yarensa. Wannan karon ba ta tambayi ma'anar ko ɗaya ba.

Rana ta ɗaga sosai kafin ya share fuska da gefen rigarsa. Ya ce Liezel tun tana ƙarama in ta ɗauki kaya ba ta son a taya ta. Yanzu tana ɗauke da na uwarta, abin da yake riƙe da ita shi ne tana ganin ta kare ubanta. In ta san ya sani, za ta dinga kwana a ƙofar ɗakinsa tana sauraren numfashinsa, ga aiki ga tafiya.

"Ki bar mata wannan, balae. Kin san kalmar ai. Huwag."

Abigel ta ce Nathan fa? Ya ce har shi. Ta ce ba ta iya ƙarya ba. Ya dube ta, har ya ɗan yi murmushi, ya ce ita da ta ce zogale ta zo tsinka.

Suka koma gareji. Ya ɗauki takalman nan ya juya su a hannu, ya naɗe su a tawul, ya sa a saman kayan. Ta danne masa murfin da gwiwa ya manne kwalin. Sannan ta tilasta masa ya ci burodi da shayi.

Suna nan motar Liezel ta shigo. Ta fito da kayan aiki a jikinta, idanunta sun faɗa, ta ɗora murmushin nan nata kafin ta ƙaraso. Ta sumbaci ubanta, ta kama hannun Abigel ta kai goshi. Baba Ruben ya hau ba ta labarin kwali da ƙarfi, yana dariya, yana cewa saura kaɗan balae ta fi shi Tagalog. Liezel ta juyo ta tambaya me Mama ta koya yau.

Abigel ba ta saki hannun ba. Siririn hannu ne, ya fi yadda ta san shi rama. Makonni tana kallon cikin yarinyar nan, ba ta taɓa kallon fuskarta ba.

"Kumain ka na ba?" ta ce.

Liezel ta yi dariya ta ce kai, Mama ta iya, sai ta girgiza kai, ta ce ba ta ci ba tun jiya. Abigel ta kwashi zogalen daga kan kwali, ta ja ta zuwa kicin, ta ce ta zauna ta nuna mata inda tukwane suke.